Hitar mota ba ta ɗumi da wuri? Yadda za a gano matsalar da wayar hannu kafin a je gareji

Wata tara ko goma a shekara, yawancin masu mota a Arewa ba sa tunawa da cewa motarsu tana da hita. Sai hunturu ya shigo, Disamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin asuba a Jos yakan sauko kusa da digiri 10, Kano da Zariya da Zinder ma hannu ya ƙage a kan sitiyari. A nan ne mai mota zai murɗa maɓalli zuwa ɓangaren ja, ya yi tafiyar minti ashirin, iskar da ke fitowa tana nan da sanyinta, ko kuma ɗan ɗumi kaɗan da bai kai ya kawo ba.

Da yawa sukan ce ai ba komai, nan da wata biyu zafi zai dawo. Amma hitar da ke jinkirin ɗumi sau da yawa alama ce ta wata matsala a cikin injin kansa, matsalar da ke cin fetur kullum, rani da damina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba ƙaramin abu ba ne mota ta riƙa shan mai fiye da ƙa'ida. Abin daɗin shi ne, da wayar hannu da wata 'yar na'ura mai araha, mai mota zai iya gano inda matsalar take kafin ya miƙa wa makanike makulli.

Daga ina ɗumin yake zuwa?

Hitar motar fetur ko dizal ba ta aiki da lantarki kamar hitar ɗumama ruwan wanka. Zafin inji take ara. Yayin da inji ke ƙona mai, ruwan sanyaya shi yana zagayawa yana kwashe zafin, famfon ruwa yana tura shi zuwa lagireto a gaban mota. Wani ɓangare na wannan ruwan yakan bi ta wasu tiyo biyu ƙanana ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fankar cikin mota tana hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta fito ta tagogin iska.

Saboda haka abu huɗu ne dole su cika kafin a ji ɗumi. Injin ya yi zafi yadda ya kamata, ruwan ya isa, ruwan ya samu hanyar shiga ƙaramin lagireton, sannan iska ta bi ta cikinsa. Duk binciken da za a yi bai wuce gano wanne ne daga cikin huɗun nan ya gaza ba.

A lafiyayyar motar fetur, ana fara jin ɗumi bayan tafiyar minti biyar zuwa goma. Injin dizal yakan ɗauki lokaci fiye da haka, domin ba ya zubar da zafi da yawa kamar na fetur. Motar da ke da AC mai sarrafa kanta kuwa takan riƙe fankar ciki da gangan har sai ruwa ya fara ɗumi, don kada ta hura wa mutum sanyi. Wannan ba lalacewa ba ce.

Na'urar da ke haɗa waya da mota

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur da aka ƙera don Turai daga 2001, suna da wata kafar sadarwa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, kusa da gwiwar direba. Kusan duk tokumbon da ke kan titi yau, Corolla, Camry, Accord, Civic, Golf, Vibe, suna da ita.

Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar adafta irin ELM327, wadda ake samu a shagunan intanet da wajen masu sayar da kayan mota. Ana cusa ta a kafar, a kunna mota, a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Lambar haɗawa yawanci 1234 ce ko 0000. Daga nan sai a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su lura wajen saye: adafta mai tsohon Bluetooth na yau da kullum ba ta aiki da iPhone, sai mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE.

Me ya sa ba za a dogara da allurar zafi ta dashbod ba? Domin a motoci da yawa an tsara allurar ta tsaya a tsakiya ko da zafin ya bambanta da digiri masu yawa, don kada direba ya riƙa firgita. Wasu motocin ma, kamar Yaris da Honda Fit, ba su da allurar sam, sai 'yar fitila shuɗiya da ke mutuwa idan inji ya fara ɗumi. Manhajar kuwa tana nuna ainihin lambar da kwamfutar motar ke karantawa.

Gwajin safiya

Wannan gwajin ana yin sa ne da safe, bayan mota ta kwana ba a tayar da ita ba.

Da farko a murɗa makulli fitilun dashbod su kama, ba tare da an tayar da inji ba. A duba lambobi biyu a manhajar: zafin ruwan inji da zafin iskar da inji ke shaƙa. Tunda motar ta kwana a huce, ya kamata su yi kusa da juna, kuma su yi kusa da yanayin waje. Idan waje digiri 15 ne amma ruwa yana nuna 60, ko yana nuna wata lamba ƙasa da sifili, to na'urar auna zafin ce ko wayarta ke da matsala, kuma sauran gwajin ba zai yi ma'ana ba sai an gyara ta.

Idan lambobin sun yi daidai, a tayar da mota, a kashe hita, a yi tafiyar minti goma sha biyar. Wayar ta zauna a mazauninta, ko kuma wani ya zauna a gefe yana karantawa. Direba ba ya kallon waya yana tuƙi.

A lafiyayyen inji, lambar za ta yi ta hawa ba tsayawa har ta kai tsakanin digiri 80 da 95, sannan ta zauna a wajen. Idan ta maƙale a 55 ko 65, ko kuma ta hau a cikin cunkoso sannan ta zubo da zarar an hau babban titi ana gudu, to kusan an kama mai laifin. A duba kuma lambobin kuskure da kwamfutar ta ajiye. P0128 tana nufin ruwa bai kai zafin da ake tsammani ba cikin lokacin da ya dace. P0125 ma 'yar uwarta ce.

Na farko da ake zargi: tamostat

Tamostat wata 'yar ƙofa ce ta ƙarfe da ke tsakanin inji da lagireto. Idan inji yana da sanyi tana rufe, ruwa ya yi ta zagayawa a cikin inji da hita kawai har ya yi zafi. Idan ya kai zafin da aka tsara, sai ta buɗe ruwa ya tafi lagireto. A Toyota da yawa tana fara buɗewa a digiri 82, kuma ana buga lambar a jikinta.

Idan ta tsufa takan maƙale a buɗe. Amma a Najeriya abin da ya fi yawa shi ne babu ita gaba ɗaya. Al'ada ce da ta daɗe a gareji: mota ta iso daga Kwatano ko Legas, a cire tamostat a jefar, a ce wai ta ƙasashen ƙanƙara ce. Sau da yawa kuma a haɗa fankar lagireto kai tsaye da makulli, ta yadda da an tayar da mota take fara juyawa ba hutawa. Sakamakon haka, ruwa yana bi ta lagireto tun daga daƙiƙar farko, fanka tana hura shi, injin ba ya taɓa kaiwa zafin aikinsa da safiyar hunturu.

Kamfanonin mota suna saka tamostat har a motocin da suke sayarwa a Saudiyya da Dubai, domin inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Muddin kwamfutar mota ta ga ruwa da sanyi, za ta ci gaba da ƙara yawan fetur ɗin da take fesawa, kamar yadda ake jan cok a tsohon babur da safe. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana zubowa cikin baƙin mai yana tsinka shi, fulogi yana yin baƙi, injin yana cinyewa a hankali. Mai motar da ke ƙorafin tanki ba ya jimawa, kuma hitarsa ba ta ɗumi, wataƙila ciwo ɗaya ne ke damunsa.

Akwai gwajin hannu ga wanda ba shi da adafta. A tayar da mota da sanyinta, a buɗe bonet, a taɓa babban tiyon da ya haɗa gidan tamostat da lagireto. A wasu motocin na sama ne, a Toyota da yawa kuma na ƙasa ne. Ya kamata ya zauna da sanyi na mintuna da dama, sannan ya ɗauki zafi kusan lokaci guda. Idan ya fara ɗumi sannu a hankali tun minti biyu na farko, ruwa yana wucewa ba shamaki. A kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da bel.

Kafin a mayar da tamostat, a tambayi dalilin cire ta. Idan an cire ta ne don motar tana zafi fiye da kima, to ainihin matsalar tana nan: lagireton da ya toshe, murfin da ba ya riƙe matsi, ko fankar da ta yi rauni. Dole a gyara wannan tare, in ba haka ba motar za ta tafasa a zafin Afrilu, makaniken ya ce ai na faɗa maka. A sayi tamostat mai lambar zafi daidai da ta asali, a mayar da fanka kan tsarinta na kama kanta. A Toyota, 'yar ƙusar da ke karkaɗawa a gefen tamostat ɗin ana sanya ta ta fuskanci sama, domin ta nan iska ke fita.

Na biyu: ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga

Idan manhaja ta nuna injin ya kai digiri 85 ko 90 amma hita tana hura sanyi, sai a koma kan ruwan kansa. Ƙaramin lagireton hita yana daga cikin wurare mafi tudu a hanyar ruwa, shi ya sa shi ne farkon wanda ke bushewa idan ruwa ya ragu. Alamomin sun haɗa da ƙarar ruwa na ɓulɓulowa a bayan dashbod, da ɗumin da ke zuwa idan an taka totur sannan ya ɓace idan an tsaya a danja.

A duba jarkar ruwa ta roba, a tabbata ruwan yana tsakanin layukan biyu. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai inji ya huce sarai. Ruwan ciki yana ƙarƙashin matsi, zafinsa na iya wuce digiri 100, kuma idan ya yi tsartuwa a fuska ƙunar ba wasa ba ce.

Ruwan inji ba ya ƙarewa haka kawai. Idan kullum sai an ƙara, yana zuba a wani wuri. A duba ƙarƙashin mota da safe, a duba bakin kowane tiyo da gefen famfon ruwa. Idan kuma kwanan nan aka canza lagireto ko tiyo, wataƙila iska ce ta maƙale, sai makanike ya fitar da ita, hita tana kan zafi mafi ƙarfi.

Famfon ruwan da fukafukansa suka cinye da tsatsa ma yana ba da irin wannan alamar, ɗumi a guje, sanyi a tsaye.

Na uku: ƙaramin lagireton ya toshe, ko an kewaye shi

Bayan inji ya yi zafi, a murɗa hita zuwa ƙarshe, a nemo tiyo biyu ƙanana da suka shige bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. A taɓa su a hankali, ko a auna su da bindigar auna zafi. Irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona an yi ta ne don zafin jiki, ana buƙatar irin ta masu gyara.

Idan ɗaya yana da zafi sosai ɗayan kuma da sanyi, ruwa ba ya wucewa. Ko dai lagireton ya toshe, ko kuma bawul ɗin da ke buɗe masa ruwa, a tsofaffin motocin da ke da shi, ya maƙale. Babban abin da ke jawo toshewa shi ne zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla shekara da shekaru. Gishirin ƙasa da tsatsa suna taruwa a siraran hanyoyin. Haka ma garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto. Sau da yawa ana iya wanke shi: a cire tiyo biyun, a tura ruwa ta baya da matsi kaɗan har ya fito da tsabta. Matsi mai ƙarfi yana fasa shi.

Wani lokacin kuma mai mota zai tarar tiyo biyun ba su shiga bangon ba sam, an lanƙwasa an haɗa su da juna. Wannan yana nufin lagireton ya taɓa yoyo, wani ya ga cire dashbod aiki ne mai tsada, sai ya kewaye shi. A irin wannan motar hita ba za ta taɓa ɗumi ba sai an canza shi. Kada a mayar da tiyon ba tare da an gwada ba, domin ruwa zai malale a ƙafar fasinja.

Bayan kowane gyara, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata. Akwai wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, akwai wanda ya zo a haɗe. Amfaninsa a ƙasar zafi shi ne yana hana tsatsa, kuma yana ɗaga matakin tafasa. Launi kaɗai ba ya nuna iri, don haka a karanta jikin galan.

Na huɗu: iska ba ta bin hanya

Idan tiyo biyun duk suna da zafi, to inji da ruwa sun fita daga zargi, matsalar tana cikin dashbod. Akwai wata ƙofa ta roba da ke raba iska tsakanin ɓangaren sanyi da na ɗumi. A tsofaffin motoci waya ce ta ƙarfe ke jan ta, kuma takan zame. A sababbi ƙaramin moto ne mai haƙoran roba. Idan haƙoran suka karye ana jin ƙas-ƙas-ƙas a bayan rediyo duk lokacin da aka canza zafi. A motocin da direba da fasinja kowa ke da nasa maɓallin, gefe ɗaya na iya ɗumi ɗayan yana sanyi.

Idan kuma ɗumin yana nan amma iskar ba ƙarfi, a duba filtar iska ta cikin mota. A Corolla da Camry da Accord tana bayan aljihun dashbod na gefen fasinja, kuma cire ta ba ya buƙatar sifana. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta. Fankar da ke aiki a lamba ta ƙarshe kawai, sauran lambobin shiru, galibi 'yar na'urar rage mata gudu ce ta ƙone, kuma ba ta da tsada.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai lokacin da hita mai sanyi ke gargaɗin babbar ɓarna. Idan hita ta koma hura sanyi kwatsam alhali allurar zafi tana hawa sama, ruwa ya ƙare. A faka, a kashe inji nan take. Idan ana ganin farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko kumfa yana tasowa a jarkar ruwa, ana zargin gasket ɗin kan inji. Ci gaba da tuƙi a haka yana iya kai ga sayen wani injin.

Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, da tururi mai maiƙo a gilashin gaba, da kafet mai laima a gefen fasinja, alamun yoyon ƙaramin lagireto ne. Ruwan sanyaya inji guba ne, kuma zaƙinsa yana jan yara da dabbobi, don haka a goge duk inda ya zuba.

Haka nan kada a bar mota tana aiki a rufaffen gareji ana jiran ta yi ɗumi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashewa cikin ɗan lokaci.

Dabi'un da ke taimakawa

Barin mota tana aiki a tsaye minti goma sha biyar ba ya ɗumama ta da sauri, mai kawai yake ƙonawa. Bayan kamar minti ɗaya, a ja ta a hankali, inji ya fi saurin ɗaukar zafi idan yana aiki. A bar fankar ciki a ƙasa har sai ruwa ya wuce digiri 50 ko 60. Idan gilashi ya yi hazo daga ciki, da asuba ko lokacin ruwan sama, a kunna AC tare da hita, a juya iska zuwa gilashi, a buɗe wa iskar waje hanya. AC tana busar da iskar, hita tana ɗumama ta, gilashin ya washe da wuri.

Bayan an gama gwaji a cire adaftar. Kafar OBD2 tana da wuta ko da an kashe mota, kuma adafta mai araha da aka bari kwanaki tana iya jan batir. Goge lambar kuskure da manhaja ma ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo muddin matsalar tana nan.

Ga mai shirin sayen tokumbo, wannan gwajin yana da amfani ko a tsakiyar bazara. A je da adafta, a nemi dila ya bari a tayar da motar da sanyinta, a kalli yadda zafin ruwa ke hawa, sannan a murɗa hita zuwa ƙarshe na minti biyu. A duba kuma shafin manhajar da ke nuna gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta: idan da yawansu suna nuna ba su kammala ba, an goge lambobin kuskure ko an cire batir kwanan nan, kuma ya dace a tambayi dalili. Motar da ta kai digiri 85 zuwa 90 ta tsaya a nan, hitarta kuma ta hura iska mai zafi, tana da tamostat, tana da ruwa, famfonta yana aiki. Wadda ta kasa, a ɗauki hoton allon wayar, a nuna wa makanike, a cire kuɗin gyaran daga farashi kafin a biya.